Malam Kashim da Iyakar Gonar Inna Aina'u

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin Tudun Gawo, kowa gida yake komawa ya jira koko. Malam Kashim kuwa ta bayan masallaci yake bi, ya ɗauki fartanyar da ya jingine a jikin katanga, ya saɓa a kafaɗa, ya miƙi hanyar gonar da ba tasa ba. Daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwan fari haka yake yi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bana yana da sittin da takwas a duniya, gwiwarsa ta dama ta riga ta yi ritaya ba tare da ta shawarce shi ba, kuma bana ne ya ce ya ajiye aikin. Ba a shirya masa taron ban kwana ba. Ba abin mamaki ba ne, tun da ba a taɓa lura cewa ya kama aikin ba.

Aikin shi ne gyaran fili domin ƙananan jirage masu saukar ungulu, irin waɗanda ake sarrafawa da rimot daga ƙasa. Wanda bai san ƙauyen ba zai ɗauka wasa ake. To akwai ƙungiya sukutum a Tudun Gawo, mai mambobi talatin da biyu, wadda Malam Kamaruddeen, malamin kimiyya a sakandare, ya kafa da abokansa: masu gyaran waya, masu walda, teloli biyu, da Huseina mai aiki a ɗakin gwajin jini. Su suke haɗa jiragen da hannunsu, su ɗaura musu batir da fanka, sannan sau ɗaya a shekara su yi gasa. Jirgi ya tashi, ya tsaya cak a sama, ya zagaya, ya dawo ya sauka a tsakiyar da'ira. Wanda ya fi kusa da tsakiya shi ya ci.

Ilimi suna da shi, haƙuri ma ba laifi. Fili ne ba su da shi. A wannan yanki na Bagwai babu ƙasar da ba ta da mai ita, kuma kowane mai ita yana da magada da ke jiran sa. Filin makaranta wayar lantarki ta ratsa ta samansa, wayar da ba ta cika kawo wuta ba amma ba ta taɓa kuskuren kama jirgi ba. Shi ya sa Kamaruddeen ya je wurin Malam Kashim, wanda ya tsufa yana ƙwadago a gonakin garin, wanda babu gidan da ba a amsa sallamarsa da fara'a. Shi kuma ya wuce wurin Inna Aina'u, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gona guda, shimfiɗaɗɗiya, babu bishiya a tsakiyarta.

Waɗanda ke zaune a ƙofar gidan ranar har yanzu suna ba da labarin.

"Jirgi? A gonata?"

"Ƙarami ne, Inna. Bai kai zakara ba."

"Me yake ci?"

"Ba ya cin komai."

"Abin da ba ya cin komai ban yarda da shi ba." Ta gyara mayafi. "Su ban san su ba, Malam Kashim. Kai na sani. Kai na ba aro, daga an kwashe dawa zuwa a yi shuka."

"Yadda na karɓa haka zan mayar miki, in Allah Ya yarda."

Babu takarda, babu sa hannu. Wannan maganar ita ce duk abin da ƙungiyar ta tsaya a kai shekara goma sha ɗaya, kuma da wuya a sami biyar cikin mambobinta da suka san an taɓa yin ta.

Ga abin da maganar ta jawo masa kowace shekara. Idan an yanke kara, tushiyar dawa tana nan a ƙasa kamar an kafa ƙusoshi, kuma ko ɗaya ta taɓa fankar jirgi an yi asarar aikin wata uku. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke. Ya baje kunya a tsakiyar gonar, taku talatin kowane ɓangare. Ya yayyafa ruwa, ya daɓe ƙasar har ta yi santsi kamar tsakar ɗaki. Ranar gasa ya zo da toka a cikin tsohon kwano ya zana da'ira uku, ƙarama cikin babba, da igiya da turke, kuma malamin kimiyya ya taɓa auna su da tef bai sami abin gyarawa ba. Idan an watse, kowa ya rungume jirginsa ya tafi, shi ne zai dawo ya kafce wurin da ya daɓe, ya yi jigilar taki a jaki ya zuba, domin ƙasar da aka tattake ba ta shan ruwa. Dawar Inna Aina'u ta fi ta maƙwabta kyau duk shekara. Mutane suna cewa albarkar jirgi ce.

Kai ne, Malam Kashim, wanda bai taɓa riƙe rimot ba. An sha miƙa maka, kana cewa hannunka ya yi kaushi. Amma kai ne ake dubawa idan jirgi ya ɓace wa mai shi ya faɗa cikin gidan mutane, inda namiji baligi ba ya shiga. Masu digiri su yi cirko-cirko a bakin katanga suna leƙen sama, kai kuma ka je zaure ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi lafiyar tsohuwa da ta awaki, ka saurari ƙorafin shekarar gaba ɗaya, sannan a miƙo maka jirgin ta ƙofa da ɗan ƙullin gyaɗa a kai. Shekarar da batir ya kama wuta kusa da tarin karan Sama'ilu, maƙwabcin gonar, mutum ashirin ne suka ciro waya suna ɗauka. Kai ka cire rigarka ka danne wutar, ka bi ta da ƙasa. Tabon yana bayan hannunka na hagu. A bidiyon kuwa bayanka kawai ya fito, kuma an rubuta a ƙasa: wani dattijo.

Sai bana, da ƙungiyar ta yi uba.

Alhaji Zaharaddini ɗan garin ne da ya yi arziki a birni, kuma kwanan nan ya gano cewa yana ƙaunar kimiyya, daidai lokacin da ya gano yana ƙaunar kujerar majalisa. Aka naɗa shi Uban Ƙungiya. Aka gayyato masu jirage daga cikin Kano da Gezawa. Ranar Laraba Alhaji ya zo duba fili, ya tsaya a kan daɓen da Malam Kashim ya yi sati uku yana gyarawa, ya juya hagu ya juya dama, ya ce wurin ya yi kaɗan. Ba jiragen yake nufi ba. Rumfuna shida, da motocin baƙi, da wurin makaɗa, su ne ba za su shiga ba.

Ranar Alhamis Malam Kashim ya tafi asibiti a duba masa gwiwa. Kafin azahar gireda, motar nan mai share hanya, ta shigo garin.

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin gona da gona. Ba shinge ba ne, ba siminti ba ne. Gamba ce, layi guda, wadda kakanni suka dasa, ake yankanta da kaka a yi zana, a bar tushenta. Ba a noma ta, ba a ƙona ta, ko ɗan akuya ka kora ta kanta sai ka waiwaya. Direban gireda ba manomi ba ne, an ce masa ya share, ya share. Alhaji Zaharaddini kuwa a garin aka haife shi, a kan irin wannan gambar ya koyi tafiya. Malam Kamaruddeen ma yana wurin, yana riƙe da takardar tsarin zama. Mutum nawa ne suka tsaya suna kallo, ’ya’yan manoma dukansu, ƙarfe yana aske iyakar Inna Aina'u da Sama'ilu daga wannan kai zuwa wancan, yana tura ƙasar sama, mai ɗauke da takin shekara goma sha ɗaya, yana jibge ta cikin kwari? Babu wanda ya ɗaga hannu. An dai yi tafi da gireda ta gama.

Da la'asar Malam Kashim ya sauko daga mota a bakin titi, ya hango filin. Ya tako a hankali har tsakiya, ya durƙusa a kan gwiwar da aka hana shi lanƙwasawa, ya damƙi ƙasa ya duba. Jar ƙasa ce, tauri, wadda ko ƙaya ba ta fitarwa.

Sama'ilu ya riga shi zuwa. Sama'ilu ɗan wan mijin Inna Aina'u ne, kuma tun ranar rabon gado yake ganin an ƙware shi. Ga shi Allah Ya aiko masa da gireda. Ya riga ya kafa duwatsu a jere, taku bakwai cikin gonar tsohuwar.

"Nan iyakar take," in ji shi. "Nan ubana ya nuna min."

"Sama'ilu, ka ji tsoron Allah," in ji Inna Aina'u. Ta fito ba takalmi, abin da ba a taɓa gani ba. "Inda na yanki gamba bana ma ka haɗa?"

"To nuna min gambar, Inna."

Ba ta da abin nunawa. Takardarta ke nan, kuma an goge. Ta juya ta dubi Malam Kashim. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Haka ka karɓa?"

"A'a, Inna."

"To."

Sama'ilu ya ce, "Kai kuma Babarbare kada ka sa baki. Ku da kuka zo jiya, me kuka sani a iyakar garin nan?"

Kakan Malam Kashim ne ya zo daga Borno, kuma kabarinsa ya girmi masallacin garin. Malam Kashim ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce, "Da muka zo jiyan, a gonar babanka na kwana ina noma. Kai kana goye."

Ranar Asabar aka yi gasa, don ba a fasa taro saboda gonar tsohuwa. An ce ƙarfe takwas. Masu jirage sun san dalili, da safe iska ba ta tashi ba. Uban Ƙungiya ya iso sha ɗaya da rabi. Aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga jawabin maraba, aka karanta tarihin Alhaji tun daga yaye. Lokacin da aka ba jirage dama iska ta riga ta farka. Na Gezawa guda biyu suka kife, wani na cikin gari ya nufi rumfar manyan baƙi, aka ga manyan baƙi suna da gudu. Huseina ce ta yi abin kallo. Ta riƙe jirginta a sama yana rawa, ta jira iska ta ja numfashi, ta ajiye shi a cikin ƙaramar da'ira kamar mai ajiye ƙwai. Da'irar kuwa Malam Kashim ne ya zana ta da sassafe, domin ya ce masu jiragen da suka taso daga nesa ba su yi masa laifin komai ba.

Aka ba Huseina ƙaramin kofi. Babban, mai tsawon yaro ɗan shekara uku, an ba Alhaji Zaharaddini, saboda samar da fili. Haka mai lasifika ya faɗa, sau biyu, kada wani ya ce bai ji ba. Sunan Inna Aina'u bai fito ba. Na Malam Kashim ya fito sau ɗaya, da aka ce a gaya wa Baba ya taimaka a tattara kujeru.

Ranar Litinin aka zauna gaban Mai Unguwa. Sama'ilu ya kawo shaidu biyu, Inna Aina'u ta kawo biyu, duka huɗun suna rantsuwa. Aka aika wa Alhaji, aka ce yana Abuja. Aka nemi ƙungiya ta kawo hotuna, tun da shekara goma sha ɗaya suna ɗauka a wannan wurin. Malam Kamaruddeen ya kwana biyu yana bincike. Akwai hoton sama, da hoton gajimare, da hoton mambobi suna kallon sama da gajimare. Babu wanda ya taɓa juya waya ya ɗauki ƙasar da yake tsaye a kai.

Mai Unguwa ya ce in babu hujja sai a raba takun bakwai ɗin biyu, a huta. Rabi ga mai gaskiya, rabi ga wanda ya kafa duwatsu. Wannan shi ake kira sulhu.

Sai Malam Kashim ya nemi izinin magana. "Ranka ya daɗe, a ba ni sati uku."

"Ka yi me?"

"In tambayi gambar."

Aka yi dariya. Ya jira aka gama.

"Gireda kanta ta aske. Saiwarta tana ƙasa, ta fi kamu biyu. Ruwa take jira. In ta sha za ta fito inda take, ba inda ni ko Sama'ilu muke so ba."

"Sai ka shayar da wajen tsohuwarka kaɗai," in ji Sama'ilu.

"Duka bakwai ɗin zan shayar. Ka zo ka tsaya a kaina."

Taku bakwai a faɗi, arba'in a tsawo, a tsakiyar rani, da ruwan famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan makaranta. Ya ari kurar ruwa. Ya tuƙa famfo, ya cika jarkoki, ya turo, ya zuba, ya koma, daga hantsi har rana ta yi zafi, sannan daga la'asar zuwa magariba. Likita ya ce masa ya huta da gwiwar. Ya ɗaure ta da tsohon rawani. Matan da ke layin ɗiban ruwa su suka fara matsa masa ya wuce gaba, daga baya suka riƙa tuƙa masa famfon. Ƙungiya mai mambobi talatin da biyu ta buɗe zaure a waya domin tattauna lamarin, aka yi ta turo addu'o'i. Huseina ta zo kwana huɗu bayan ta tashi daga aiki, ta tura kura har hannunta ya yi kanta. Malam Kamaruddeen ya zo sau ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Baba, wallahi abin nan yana damuna." Malam Kashim ya ce, "Allah Ya yaye maka," ya wuce da kurarsa.

Sati na farko babu komai. Sati na biyu ƙananan ciyayi suka ɓullo ko'ina, Sama'ilu yana zuwa kullum yana tambaya ko lambun salak ake yi. Inna Aina'u ba ta zo ba ko sau ɗaya, kuma idan Malam Kashim ya gaishe ta a ƙofar gida, amsa ɗaya take bayarwa ta shige. A garin da kowa ya san abin da ke tsakaninsu na mutunci, wannan ya fi zagi ciwo.

Rana ta sha shida, da safe, matan famfo ne suka fara gani. Tsiro kore shar, masu kauri, cunkus-cunkus, ba irin na ciyawa ba, ɗaya a nan, ɗaya can gaba da taku biyu, wani gaba da shi, a miƙe kamar sahun salla. Kafin hantsi rabin gari yana wurin. Mai Unguwa ya bi layin da sandarsa daga farko har ƙarshe. Duwatsun Sama'ilu suna can nesa, su kaɗai, kamar baƙin da suka ɓata hanya.

Sai dai gambar ba ta fito daidai inda Inna Aina'u ta nuna ba. Ta gefen kudu ta lanƙwasa, ta shigo wajenta da taku ɗaya. Babu wanda ya lura sai Malam Kashim, kuma da ya yi shiru babu mai tayar da maganar. Ya kira Sama'ilu ya nuna masa.

"Wannan naka ne."

Sama'ilu ya dubi wurin, ya dube shi. Ya tafi ya kwashe duwatsunsa da kansa.

Da yamma Inna Aina'u ta aiko wa Malam Kashim da fura a ƙwaryar da take ajiye wa baƙin kunya. Washegari ƙungiya ta tura wakilai su yi mata murna, su kuma tambaya, cikin ladabi, ko baɗi za a samu.

"Malam Kashim zai karɓa?"

Aka ce Baba ya ce gwiwa ta ƙi.

"To ni ban san ku ba."

Yanzu ƙungiyar ba ta da fili. Uban Ƙungiya ya yi alkawarin gina mata na zamani bayan zaɓe, kuma an riga an buga hoton ginin a kalanda. Mambobi suna ta mamakin taurin kan tsohuwa.

Kai ne, Malam Kashim, wanda ya ari gona da baki ya biya da gwiwa. Ba ka tashi jirgi ba, ba ka hau mumbari ba, ba ka taɓa cewa a gode maka ba, kuma an yi maka biyayya a kan hakan fiye da kima. Mun gode. Mun gode a madadin masu jiragen da suka sauka lafiya a kan daɓenka ba su tambayi wanda ya yi shi ba, da tsohuwar da ba ta rasa rabin abincinta ba, har da Sama'ilu, wanda ka hana shi cin abin da zai tsaya masa a wuya ranar gobe ƙiyama. Allah Ya ba ka lafiyar ƙafa, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ga masu karatu kuwa, musamman masu ilimin da ke shirin kawo wa ƙauyukansu ci gaba: kafin ku kawo, ku tambayi gonar wa za a sauke shi, kuma wa zai tsaya ya gyara bayan kun tafi. In kun sami mai tsayawar, ku riƙe sunansa. In ba ku samu ba, ku ne.

Kuma ba sai an jira wata shekara ba. Malam Kashim ya ajiye aikin ƙungiya, amma bai ajiye maganarsa ba. Iyaka ta dawo, ƙasar da gireda ta kwashe ba ta dawo ba, kuma ya ce ba jar ƙasa ya karɓa ba. Kowace safiya yana can cikin kwari da shebur, yana loda ƙasar a mangala, jaki yana haurowa da ita, shi yana bin sa a baya da sanda, yana ɗingishi. Inna Aina'u ta ce ya bari, ta yafe. Ya ce ya ji. Kashi biyu cikin uku na gonar ya rufu. Jiya da yamma hadari ya fara haɗowa ta gabas.